Yadda na rage wa babur ɗina nauyi a Kumasi

Boxer nake hawa, daga Aboabo zuwa kasuwar Kejetia kullum. Da salansa na fara, don ta kamfani ƙarfe ce mai kauri. In ka je Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara, ɗaga tsohuwar da sabuwar a hannu kafin ka biya, kuma ka guji mai ƙarar da za ta tashi unguwa da asuba.

Sai batir. Na litiyam bai kai rabin nauyin na ruwa ba, amma tambayi mai wayarin ko cajin babur ɗinka zai karɓe shi. Farantin sarƙa na alminiyam kuwa da-na-sani na yi, ƙura ta cinye haƙoransa da wuri. Kariyar baya, wato ƙarfen ɗora kaya, in ba kaya kake ɗauka ba, kwance ta. Birki kam, kada ka taɓa shi.