Yadda kuɗin da baƙaƙen fata ke kashewa a Amurka zai zama jari

Cibiyar Selig ta Jami'ar Jojiya ta ƙiyasta ƙarfin sayayyar baƙaƙen fatar Amurka a kan dala tiriliyan 1.6 a shekarar 2020. Masu kira a riƙa sayen kayan 'yan uwa da wannan adadi suke kafa hujja, masu suka irin su Farfesa Jared Ball kuma na ganin yana ɓoye talaucin da ake ciki. Masu sukar suna da gaskiya a nan: kuɗin da ya ratsa aljihu daban, dukiya daban. Haya, abinci, magani da biyan bashi su ke lashe mafi yawansa. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata kuwa dala 44,900. Saboda haka duk matakin da za ka ɗauka, auna shi da mallakar da zai haifar.

Fara da banki. Nemi wanda ke cikin jerin bankunan tsirarun al'ummomi na FDIC, hukumar da ke ba ajiyar banki inshora a Amurka, kamar OneUnited ko Citizens Trust na Atlanta, ka tabbatar yana da inshorar da ke kare ajiya har dala 250,000. Wannan bincike ba na wasa ba ne, domin rushewar bankin Freedman a 1874 ta tafi da gumin dubban 'yantattun bayi.

Sai dai a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ajiyarka bashi ce a wuyan banki, ba jarinsa ba ce. Kafin a kira banki mai cikakken ƙarfi, dole jarinsa ya kai aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kadarorinsa. Idan ajiya ta yi ambaliya jari bai ƙaru ba, ba zai iya faɗaɗa rance yadda ake fata ba. Don haka ka karɓi rancen gida ko na sana'a a can, domin daga ruwan rance yake samun riba, ka kuma sayi hannun jarinsa in ana sayarwa.

A wajen sayayya, tambayi daga wa mai shagon ke saro kaya. In dillali da masana'anta duk na waje ne, ɗan abin da ya rage a unguwa kaɗan ne. Maganinsa shi ne 'yan kasuwa su haɗa kai su yi sari tare.

Adashe yana da amfani muddin kowa na kwashe daidai abin da ya zuba. Wanda ya yi maka alkawarin ninki takwas in ka kawo mutum biyu, damfara ce.

Ƙaurace wa wani kamfani kuwa sai da manufa guda bayyananniya da madadi a hannu. Baƙaƙen fatar birnin Montgomery sun jure kwana 381 daga Disambar 1955 ba su hau bas ba don adawa da wariyar launin fata, saboda sun tsara motocin da ke kai ma'aikata wurin aiki kullum.