Matakan sayen tsohon babban gida a Yamai

Ƴan'uwa da yawa na tambayata yadda ake mallakar tsofaffin gidajen nan na zamanin Turawa, irin na unguwar Filato. Ga yadda ake yi, bi da bi.

1. Je ka ga gidan da idonka. Hoton dillali ba shaida ba ne.

2. Koma ganinsa bayan an sheƙa ruwa, a watan Agusta in da hali. Nan rufi ke tona asirin kansa.

3. Zo da magini amintacce ya ƙwanƙwasa katakon rufi da ƙyamare. In ya ji holoƙo, ko garin itace ya zubo, gara ta riga ka shiga. Sabon fenti a gindin bango kuwa, sau da yawa laima ake ɓoyewa.

4. Nemi titir fonsiye (takardar mallakar fili) na asali, ba fotokofi ba.

5. Kai lambarsa ofishin rajistar filaye a duba ko an jinginar da gidan ga banki.

Hattara! Wasu daga cikin gidajen nan na gado ne. In magaji ɗaya bai sa hannu ba, ko yana ƙasar waje, tsaya cak. Na ga mutumin da ya biya, ya shekara yana zaryar kotu, makulli bai shiga hannunsa ba.

6. Gaida mai unguwa, ka ji ta bakinsa.

7. Duba bashin NIGELEC (kamfanin wutar lantarki) da na ruwa.

8. Ku rubuta ciniki gaban noter (jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki).

9. Biya ta banki.

10. Bi takarda har a juya titir ɗin da sunanka.