Ki duba marainan jaririnki tun a ruwan wanka

Na yi shekaru ina karɓar haihuwa a nan Katsina, kuma har yau abin da ke ci mini rai shi ne a kawo yaro ɗan shekara 7, wai sai da wanzami ya zo yi masa kaciya da hunturu aka lura gefe ɗaya na jakar marainansa ba komai a ciki. Uwar ta gani tun yana tsumma, kunya ta rufe mata baki, kaka kuma ta ce a bar shi, zai sauko.

A cikin cikin jariri ƙwayar maraina take fara zama, sai gab da haihuwa take gangarowa. Wajen 3 cikin jarirai maza 100 ana haihuwarsu ba ta iso ba, a bakwaini kuwa abin ya fi haka yawa.

Ga yadda za ki duba. Bayan wanka da ruwan ɗumi, jikinsa ya saki, ki ɗumama hannunki, don hannu mai sanyi korar ƙwayar yake yi ta gudu sama. Ki kwantar da shi rigingine, ki shafo a hankali daga matsematsi zuwa ƙasa. Ya kamata ki ji ƙwaya biyu. Wadda ta sauko ta zauna, ko da takan koma sama in ya ji sanyi, sa ido kawai take buƙata. In ɗaya kika ji, ki faɗa ranar rigakafi ta sati 6. In duka biyun ne babu, ranar da kika lura za ki tafi asibiti.

Kaka tana da gaskiyarta, amma zuwa wata 6 kawai. Bayan nan da wuya ta sauko da kanta, kuma matsa, gashi ko jiƙo ba sa janyo ta. Ki nemi a tura ku wurin likitan tiyata, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Tsakanin wata 6 da wata 18 ake son a yi aikin: a sauko da ita a ɗinke ta a mazauninta, sau da yawa ma ranar ake sallama.

Dalilin gaggawar zafi ne. Allah ya ajiye maraina a waje don su fi jiki sanyi, can ciki kuwa ƙwayoyin da za su samar da maniyyi lalacewa suke yi sannu a hankali. Mai gefe ɗaya yawanci yana haihuwa kamar kowa, Maman yaro ki kwantar da hankalinki. Mai gefe biyu ne haihuwa kan yi wa wuya, musamman in an makara. Akwai kuma haɗarin ƙaba, murɗewar ƙwaya da sankara.

In ya riga ya girma, a kai shi duk da haka. Idan ya balaga, babansa ya koya masa duba marainansa lokacin wanka, duk wani ƙullutu ko kumburi ya nuna wa likita.