Nas, in an ba ki inchaj ɗin wod a asibiti, ga inda za ki fara

Da zarar metiron, wato shugabar nas-nas, ta ce ke ce inchaj, don Allah kar ki tare a ofis. Ki riƙa isowa kafin masu naiti su tashi, a yi handoba, wato miƙa aiki, a bakin gado ba a tebur ba, a bi gado-gado, wa aka ƙara wa jini, wa ruwansa ya kusa ƙarewa, wa zazzaɓinsa ya ƙi sauka, wa likita ya ce a sa wa ido. Daga nan ki buɗe tiren imajensi da hannunki ki ga adrenaline ɗin bai yi ekspaya ba, ki murɗa tukunyar oksijin ki ga ko da saura, sannan ke da wadda za ta sauka ku ƙirga pethidine da sauran magungunan da ake kullewa a kabad, ku sa hannu tare.

Amma wallahi inda ake gane inchaj shi ne rosta, wato jadawalin duti. Yanzu da nas-nas ke ta tafiya Ingila da Saudiyya hannu ya yi ƙaranci, kowa a gajiye yake, to in ƙawarki kullum mornin take samu ita kuma sabuwar da ta fito makaranta an jibga mata naiti a jere, ba mai ce miki uffan amma zuciya ta riga ta ɓaci. Ki fitar da rosta da wuri ki manna a bango, ki ajiye littafin da ke nuna wa ya yi dutin Sallah bara, wa ya yi Kirsimeti, ke ma sunanki ya shiga. Mai shayarwa da mai tsohon ciki a duba su, amma a gaban kowa za a yi maganar.

In wata ta yi kuskuren magani, mara lafiya za a fara cetowa, a kira likita, a rubuta rahoto. Faɗa kuwa sai kun keɓe, kar ki tsinka ta gaban masu jinya, don gobe ɓoyewa za ta yi, kuma ɓoyewar ce ke kisa. Atenda da kilina ma ki san sunayensu, sau da yawa su ke fara lura numfashin wani ya canza.

Abin da babu, safar hannu ce ko kanula, a rubuce za ki kai wa metiron da kwanan wata ki riƙe kwafi. Lasin NMCN, wato hukumar nas-nas da ungozomomi ta Najeriya, kuma duk shekara 3 ake sabuntawa, sai ki tsara yadda kowa zai samu zuwa MCPDP, wato kwas ɗin ƙarin ilimi na dole don sabunta lasin, ba tare da an bar wod ba kowa ba.