Kafin ku biya kuɗin mota, ku je mata da sassafe

Salamu alaikum 'yan'uwa direbobi. Jiya a tasha muna hirar motocin da suka riƙe mu, kowa ya ambaci tasa. Ni dai har gobe Benz 207 ce. Shekaru na yi ina Kumasi zuwa Tamale da ita, cike da fasinja da buhunan doya, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. Injin dizal ne marar kwamfuta, duk fitan (makanike) da ka samu a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ya san cikinta.

Don haka ƙannena masu shirin sayen tsohuwar motar da aka shigo da ita daga Turai, ku fara tambayar kayan gyaranta a Magazine kafin ku tambayi farashi. Sannan ku je da sassafe, injin na sanyi, a tayar a gabanku. Hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai. Ku buɗe murfin baƙin man, in kun ga fari-fari kamar madara, wataƙila ruwa na shiga, gasket ne ya lalace, wato abin da ke tare ruwa da mai a kan injin. Ku kuma leƙa ƙarƙashinta da tocila, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe, fenti kuwa yana ɓoye tsatsa.