Kurakuran da ke maƙale kundin digiri na uku a Zariya, da yadda ake gyara su

Wata Laraba na zauna a kujerar baya a ɗakin semina na wani sashe na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ana kare kundin digiri na uku. Mai kundin ya sha farar shadda, ya kwana yana bitar babi na huɗu, domin a zatonsa nan za a kama shi. Mai jarrabawa na waje, wani dattijon farfesa da ya taso daga wata jami'a, bai ko leƙa babi na huɗu ba tukuna. Ya buɗe shafin farko, ya ɗauko takardar da aka aika masa ta gayyata, ya jera su a kan tebur, ya sauke tabarau ya ce, "Malam, wanne ne aikinka a cikin biyun nan?" Taken da jami'a ta amince da shi yana cewa an yi binciken a Ƙaramar Hukumar Giwa. Taken da ke kan kundin kuwa ya ce arewacin Jihar Kaduna. Ɗalibin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai faɗaɗa aikin na yi." Farfesa ya ce, "Madalla. Wa ya ba ka izini?"

Irin wannan shi ya fi tsayar da mutane, ba ƙarancin ilimi ba. Wanda ya kai matakin digirin digirgir da wuya a same shi bai san fanninsa ba. Abin da ke kayar da shi ƙananan ƙa'idoji ne da ya raina, yana ganin aikin ma'aikatan ofis ne. Take ba naka ba ne kai kaɗai da zarar ya bi ta sashe, ya bi ta tsangaya, ya isa Makarantar Karatun Gaba da Digiri an amince da shi. Daga ranar ya zama abin da ke rubuce a fayil ɗinka, kuma da shi ake nema maka mai jarrabawa. In bincike ya kai ka inda dole a sauya kalma, ko wuri, ko shekarun da aka ɗiba, ka rubuta takardar neman sauyi ta hannun shugaban masu duba aikinka, ka bi ta har ka ga amsa a rubuce. Amincewar baki a bakin mota ba ta shiga fayil.

Sai rajista. Mutum ya gama kwasa-kwasai, ya koma wurin aikinsa a Kano ko Funtuwa, yana rubutu a gida, sai ya ɗauka tunda ba ya shiga aji babu abin da zai biya. Kowace shekarar karatu sai an sabunta rajista har ranar da aka kare kundi. Ranar da sashe zai tura sunanka, za a nemi shaidar biyan kowace shekara, kuma shekarar da ta ɓace ita za ta tsayar da komai. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya rikita wa mutane da yawa lissafin zango, har wasu ba su san a shekara ta nawa suke ba. Ka je wurin kodinetan ɗaliban gaba da digiri na sashenku ka tambayi matsayinka. In wa'adinka ya kusa cika, ka nemi ƙarin lokaci kafin ya cika. In rashin lafiya ko haihuwa ko canjin wurin aiki zai ɗauke ka, ka nemi a jingine maka karatun a hukumance. Rasiɗai kuma ka ajiye su a ambulan guda, ka ɗauki hotonsu a waya.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne kwaikwayon tsohon kundi. Ɗalibi zai shiga Laburaren Kashim Ibrahim, ko ya ari kundin wani yayansa da ya gama shekara goma da suka wuce, ya bi tsarinsa sawu da ƙafa: faɗin gefen shafi, tazarar layi, jerin shafukan farko, yadda ake rubuta sunan tebur. Jagoran rubuta kundi na Makarantar Karatun Gaba da Digiri ana sabunta shi, kuma da na yanzu za a auna ka. Shi kansa salon rubuta manazarta na APA da sassa da yawa ke bi, bugu na 7 ya fito a 2019, ya kuma sauya abubuwa, ciki har da daina rubuta garin da aka buga littafi. Ka nemi jagoran da ake aiki da shi a shekarar da za ka miƙa, ka tambayi sashe wane salon manazarta suke so, domin na masu shari'a da ke harabar Kongo ba lallai ya zama ɗaya da na masu aikin gona ba. Kada ka bar wa yaron shagon buga takardu wannan hukuncin. Shi saurin hannu gare shi, amma bai karanta jagoran ba, kuma ba shi zai tsaya gaban kwamiti ba.

Yanzu ga inda aikin gaske yake, kuma nan nake so mai karatu ya dakata. Kundin da aka kwashe shekara huɗu ko biyar ana rubutawa, mutum guda ne ya rubuta shi amma ba da hankali guda ba. Wanda ya rubuta babi na ɗaya yana sabon shiga ne mai buri, wanda ya rubuta babi na biyar kuwa gajiyayye ne mai son a sallame shi. Shi ya sa za ka ga manufofin bincike biyar a gaba, tambayoyi huɗu, sakamakon uku kacal, sannan shawarwari tara waɗanda rabinsu ba daga binciken suka fito ba. Babi na uku ya ce an raba takardun tambayoyi 400, tebur na farko a babi na huɗu ya tara ya ba da 372, babu jimla ɗaya da ta faɗi inda sauran suka shiga. An ambaci ra'in da aka ɗora aikin a kai a babi na biyu, an yi masa shafi shida na yabo, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wani lokaci ma babi na uku yana nan da kalaman furofozal, wato tsarin aikin da aka gabatar kafin a fara bincike, "za a tattara", "za a yi hira", alhali an gama tattarawa tun bara waccan.

Mai jarrabawa ba ya karanta kundi kamar labari. Yakan buɗe manufofi, ya sa yatsa, ya tsallaka ƙarshe ya nemi amsar kowace ɗaya. Kai ma ka riga shi yin haka. Ɗauki farar takarda ka ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. A gida na farko rubuta manufa, na biyu tambayar da ta dace da ita, na uku hanyar da ka bi da shafin da sakamakon yake, na huɗu abin da ka gano a jimla ɗaya, na biyar shawarar da ta fito daga ciki. Duk gidan da ya zauna fayau, nan ne bangon ya tsage. Ko dai ka cike shi da aiki, ko ka koma wurin masu duba aikinka ku cire manufar da ba ta samu amsa ba. Aikin yini guda ne, amma ban san wani yini da ya fi shi amfani a duk shekarun ba. Bayan haka ka sake rubuta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin da ke gaban kundi, daga farko, domin wanda ke kan kundin galibi tsoho ne, ya cika da gabatarwa, babu adadi ko ɗaya na abin da aka samo.

Da tambayar da ba ta taɓa fashi: mene ne sabon abin da aikin nan ya ƙara wa ilimi? Amsar "ba a taɓa yin irinsa a Zariya ba" ba ta ƙosar da kowa a wannan mataki. Ka faɗi abin da magabata suka tsaya a kai, da sunayensu, ka faɗi inda ka wuce su ko ka saɓa musu, da hujjar da ke hannunka.

Manazarta kuwa a nan ake kama gajiya. Sunan da ke cikin rubutu babu shi a jerin ƙarshe, na jerin ƙarshe ba a ambace shi a ciki ba, shekara ta zama 2009 a shafi na 40 ta koma 2011 a baya. Manhajoji irin su Zotero da Mendeley suna rage wannan wahala in an fara da su da wuri. In aski ya riga ya zo gaban goshi, ka samu aboki ya riƙe jerin, kai kana karanta madogara ɗaya bayan ɗaya yana sa alama. Masu tarihi da suka yi aiki a Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna su tabbata lambar kowane fayil tana nan daidai, waɗanda suka yi hira kuma su rubuta rana da wuri. Wani sabon bala'i ya shigo: manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ƙago sunan marubuci da mujalla da shekara, abin ya yi kyau a ido, alhali babu shi a duniya. Duk abin da ba ka buɗe da idonka ba kada ya shiga jerinka.

Haka batun satar fasaha. Ana sa kundi a manhaja irin Turnitin ta fitar da yawan kamanceceniyarsa da rubutun wasu. Masu wayo sukan ba wani ya jujjuya kalmomi har adadin ya sauka, sai a wayi gari jimlolin ba su da ma'ana, mai su ma ba ya gane su. Gyaran gaskiya shi ne ka rufe littafin, ka faɗi abin da ka fahimta da bakinka, ka ambaci mai shi. Ka yi gwajin babi-babi tun kana rubutu, musamman bitar ayyukan da suka gabata, inda kwafe ya fi yawa.

Wanda bincikensa ya shafi marasa lafiya, ko jini, ko dabbobin gwaji, yana buƙatar takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ya taɓa kowa, kamar wadda ake nema a asibitin koyarwa na Shika. Ranar da ke kan takardar dole ta riga ranar fara tattara bayanai. Wannan ba ya gyaruwa daga baya. A sa kwafinta a cikin ratayen da ke ƙarshen kundi.

Akwai kuma halin manne wa shugaban kwamitin duba aiki a manta da sauran. Ɗalibi zai shekara biyu bai taka ofishin malami na biyu da na uku ba, sai ana saura mako a miƙa ya bayyana da shafin sa hannu yana murmushi. Malamin da bai karanta ba yana da haƙƙin ya ƙi sa hannu, in ma ya sa, ba zai buɗe baki ya tare maka ba ranar da wuta ta kama. Kowane babi ka kai wa kowa, ka rubuta ranar da ka kai. In gyaransu ya ci karo, kada ka zama ɗan aike mai kai gulma tsakanin manya. Ka ce wa shugaban, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da Dakta ya gani, ga naka, ina neman a nuna mini wanda zan bi." In sashenku na sharɗanta buga maƙala daga cikin kundin kafin a kare, ka fara tun kana babi na huɗu, domin mujallar kirki takan ɗauki watanni. Wadda ta ce ka turo kuɗi yau a buga jibi, ka tambayi malamanka ko ana karɓarta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar karewa, kuskuren farko cinye lokaci a gabatarwa. An ba ka 'yan mintuna, ka ƙarar da su kana karanta tarihin matsala daga allo, aka ce ka tsaya ba ka iso sakamako ba. Su sun karanta gabatarwar. Ka je ga abin da ka yi da abin da ka samo. Ka gwada a gida da agogo, ka zo da takardun bayaninka a buge ko da wuta za ta ɗauke, ka riƙe kwafin kundi mai lambar shafi iri ɗaya da na hannun masu jarrabawa. Na biyu gardama. Kare aiki daban, musu daban. In kana da hujja ka ce, "Ranka ya daɗe, a duba shafi na 118," ka yi shiru. In an kama ka da gaskiya ka karɓa ka rubuta. Mafi muni shi ne "wanda ya yi mini lissafi ne ya fitar da haka", ko "Malam ne ya ce in sa". Ko wani ya taya ka da manhajar lissafi ta SPSS, sai ka iya faɗin dalilin zaɓen wannan gwajin da ma'anar kowane adadi. Ka roƙi aboki ya zauna yana rubuta duk gyaran da aka faɗa, domin kai a tsaye ba za ka tuna rabinsu ba.

Daga nan a fito, a yi hotuna, 'yan'uwa su fara kiran Dakta a WhatsApp, mutum ya tafi gida ya jefa kundin a bayan mota. Sakamakon karewa yawanci da sharaɗi yake zuwa: an ci bisa ƙananan gyare-gyare, ko manya, kuma da wa'adin da aka rubuta a rahoto. Sai an yi gyaran, wanda aka ɗora wa alhakin dubawa ya sa hannu, an ɗaure kundi da launin bango da adadin kwafin da aka ƙayyade, sannan sakamako ya hau zuwa Majalisar Dattawan jami'a. Ka yi teburin gyara: abin da aka ce, abin da ka yi, shafin da yake. Kada ka kai wa mai ɗauri sai an duba kwafin ƙarshe an ce ka kai, domin harafi ɗaya da ya karkace a sunanka ko a take yana nufin sabon bango gaba ɗaya. Ƙumshiya ma ka sake duba ta bayan gyara, lambobin shafi sukan gusa. Fayil ɗin ƙarshe ka tura wa kanka ta imel, ka sa a Google Drive, ka ba shi suna da kwanan wata, kada ya zama "na ƙarshe", "na ƙarshe sosai", "na ƙarshe na gaskiya" har ka buga wanda ba shi ba.

Mai farar shaddan nan an bar shi ya kare a ranar, ya kuma amsa tambayoyin babi na huɗu tsaf. Amma sai da takardar sauya take ta sake bi ta sashe da tsangaya, ta jira zaman kwamiti na gaba. Abokan da suka kare a mako ɗaya da shi sun riga shi karɓar sakamako da zango guda.