Idan karnukan gida sun ƙi jituwa: yadda ake sama wa kwikwiyon wifet wani gida

Na san wani zai ce kai kuma Bahaushe me ya haɗa ka da kare a cikin ɗaki, toh ba nawa bane, na maƙwabciyata ne, wata dattijuwar Baturiya da muke katanga ɗaya a nan Leeds. Tana da tsohuwar karya irin ƙananan nan masu baƙin rai, Jack Russell, sai ɗiyarta ta kawo mata kwikwiyo wifet ita ma mace, wai don gidan ya ɗan yi rai. Wata uku ana zaune lafiya lau, ƙaramar na fara girma sai zaman ya koma na doya da manja, ranar da abin ya ɓaci ni na kwashe su a motata zuwa wajen likitan dabbobi, jini har kan kujera. Daga nan na bi maganar har ƙarshenta, kuma tunda 'yan uwanmu da yawa a nan Ingila suna aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wasu ma sun auri masu kare, na ce bara in rubuta yadda ake yi ko wani zai amfana.

Wifet dai, wanda Turawa ke rubutawa whippet, kare ne siriri mai dogayen ƙafafu da cikin da ya lafe, wanda ya taɓa ganin karnukan Buzaye na yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali ya ga ƙirarsa, sai dai shi bai kai su tsawo ba. Asalinsa nan arewacin Ingila ne, masu haƙar kwal na Yorkshire da Lancashire suka riƙe shi a ƙarni na 19 suna kamun zomo da tsere da shi, har ake masa kirari da dokin sukuwar talaka, gudunsa na kaiwa mil 35 a awa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne fatarsa, ba kauri, ba gashin kirki, ba kitse. Cizon da wani kare zai karkaɗe jiki ya wuce, shi sai an yi ɗinki. Shi ya sa gidan da ake faɗa ba wurin zamansa bane ko da shi ne mai tsokanar.

Abu na farko tun kafin a fara zancen wani gida, a raba su yau ɗin nan, ba gobe ba. Ƙaramar ƙofar nan da ake tare yara da ita a bakin bene ta wadatar, ɗaya a kicin ɗaya a falo, abinci daban, wurin kwana daban, fita yawo daban, a kwashe ƙashi da kayan wasa daga ƙasa don yawancin rigimar a kansu take tashi, ko a kan wa zai hau kujera kusa da mai gida. In kuma suka kaure a gabanka dan Allah kar ka sa hannu tsakaninsu, kare a wannan halin bai san mai shi ba, ka watsa musu ruwa ko ka jefa bargo a kansu ko ka tura wani faifan katako a tsakiya. Kuma kar ka ce ai 'yar huda ce kawai, haƙorin kare ƙofarsa ƙarama ce amma ɓarnar tana ciki, a kai asibiti.

A wajen likitan ka sa a duba babban karen ma, ba wanda ya ji ciwo kaɗai ba. Mu a nan muka gano tsohuwar tana fama da ciwon gaɓoɓi, ga yarinya mai ƙarfi a jika tana faɗo mata a baya kullum da sunan wasa, wa zai jure? Wani lokacin in aka yi maganin ciwon, aka samu masanin halayyar karnuka ya shigo gidan ya ga yadda ake zama, abin yana gyaruwa. Amma gaskiya in faɗa maka ra'ayina, in mata biyu ne kuma an riga an zubar da jini fiye da sau ɗaya, da wuya su koma daidai, kishin karya da karya ya fi na kishiyoyi naci, sai kaga ɗaya ta sandare tana kallon ɗayar ba haushi ba gurnani, wannan shirun ya fi haushin hatsari. In ka kai matsayin da ƙaramin yana ɓuya, ya daina cin abinci sosai, kai kuma ba ka iya shiga banɗaki sai ka kulle ƙofa biyu, lokacin ya yi. Kuma ƙaramin ake fitarwa, don shi ne zai samu gida da wuri ya saba da wuri, tsohon kare mai tarihin cizo ba mai rububinsa.

Wanda za ka fara kira shi ne mai kiwon da aka sayo kwikwiyon a hannunsa. Ka nemo takardar cinikin ka karanta, masu kiwo na kirki da yawa suna rubuta sharaɗin cewa in zama ya gagara a dawo musu da abinsu, kuma sau da yawa suna da mutane a layi masu jiran irinsa. Kar kunya ta hana ka, sun saba ji. Dattijuwar nan kwana huɗu tana juya waya a hannu tana cewa za a ce ta gaza, na ce mata Mama ki kira kawai, da ta kira matar ko faɗa bata yi ba, sai dai a lokacin tana da wasu jarirai a gida ba halin karɓa, amma ta haɗa mu da masu ceton irin waɗannan karnukan.

In wannan ƙofar ta rufe sai ƙungiyoyi. Akwai Dogs Trust wadda ita ce babba a harkar karnuka a Birtaniya, tun 1891 take, akwai Blue Cross, akwai RSPCA, in kana Landan akwai Battersea da aka kafa a 1860. Blue Cross na da tsarin da kare zai ci gaba da zama a gidanka har su samo masa mutane, ba sai ya kwana a keji ba, wanda ga wifet mai jin sanyi da son jikin mutum ba ƙaramin abu bane. Akwai kuma ƙananan ƙungiyoyi da suka ƙware a kan wifet da yayansa greyhound, wato babban karen tsere mai irin ƙirarsa, su na fi so don sun san halinsa, kuma suna da masu riƙo na wucin gadi. Sai dai ka shirya jira, layi ne, shi ya sa na ce a raba karnukan tun farko.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka hau intanet ka rubuta kyauta ga mai so. Facebook ma ya hana cinikin dabbobi a kasuwarsa, kuma tun Afrilun 2020 doka ta hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba a Ingila, amma masu neman na banza su juya shi kuɗi ko su sa macen haihuwa ba hutu ba su ƙare ba. In dole kai za ka nemo gidan da kanka, toh ka zama kamar mai binciken aure. Ka je gidan da ƙafarka. Ka duba shingen bayan gida, masu ceto galibi ƙafa 6 suke so don wannan karen yana tsalle. Ka tambaya akwai kyanwa ko zomo, don shi da ido yake farauta, abu na gilmawa ya bi, kiran duniyar nan ba zai waiwayo ba. Gidan haya ne, mai gidan ya yarda? Awa nawa za a bar shi shi kaɗai? In suna da kare a haɗa su a fili tukuna kowa da igiyarsa, su yi tafiya gefe da gefe, ba a cikin falo ba, kuma in taka mace ce namiji mai sanyin hali ya fi.

Sai babbar maganar, ka faɗi gaskiya. Wa ya fara, a kan me, sau nawa, an yi ɗinki ko ba a yi ba, tana tsoron ƙananan karnuka yanzu ko a'a, duk ka rubuta a takarda. Mutane na ɓoyewa wai kar a ƙi karɓa, sai a kai ta gidan da ke da irin abin da ta gudo, bayan sati biyu a dawo da ita ta ƙara rikicewa, tsugune bata ƙare ba kenan an sayar da kare an sayi biri.

Takardu kuma kar a yi wasa da su. Tun 6 ga Afrilu 2016 dole kowane kare da ya kai sati 8 ya kasance da ɗan cip ɗin nan a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanan mai shi, tarar na iya kaiwa fam 500, saboda haka a canza suna da adireshi a rumbun da aka yi rajista, irin su Petlog, in ba haka ba ranar da ta ɓata kai za a kira. Ka haɗa da katin rigakafi, ranar da aka ba ta maganin tsutsa da na ƙuma, bayanin asibiti, sannan ka kira kamfanin inshora. Ku sa hannu a 'yar takarda ku biyu cewa in bai yiwu ba kai za a dawo wa da ita.

Ranar tafiya a haɗa mata bargonta ba tare da an wanke ba don warin gida, da abincin da ta saba na kamar sati ɗaya don canjin abinci farat ɗaya yana sa zawo, da rigar sanyinta, da abin wuyanta mai faɗi irin nasu, don kansu bai fi wuyansu kauri ba, na kowa da kowa zamewa yake ta sulale. Kar a yi ta koke-koke a bakin ƙofa, kuma a ɗan ɗaga ziyara sai ta zauna da gindinta.

Tamu wasu miji da mata da suka yi ritaya a wajen Harrogate suka ɗauka, suna da tsohon greyhound namiji wanda ba abin da ya dame shi sai barci. Sun turo hoto bayan sati uku, su biyun a kujera ɗaya ta ɗora masa kai a wuya, mutanen gidan kuma suna zaune a ƙasa. Tsohuwar Jack Russell ɗin tana nan, ta koma cin abincinta a tsakiyar kicin, har yanzu in na shiga sai ta yi min gurnani.